Hilux ɗin da ta mutu a Cadawa da yadda aka canza mata ƙwaƙwalwar inji a Maradi

Motar Toyota Hilux ce ƙirar 2010, mai ƙofa huɗu da giyar hannu, injinta 2KD mai shan gazuwal, lita 2.5. Mai ita wani Alhaji ne ɗan kasuwa a nan Maradi, yana sayen aya da wake a kasuwannin karkara ya tara a sito. Daga kaka har bazara motar ba ta san hutu ba: yau Cadawa, gobe Agiye ko Gazawa, wata rana har Tasawa. Direba ɗaya ke riƙe da ita tun da aka saye ta, kuma duk wanda ya leƙa injin zai shaida cewa mutum ne mai kula. Man inji tsaf, lagireto cike da ruwa, babu ɗigon mai a ƙasa.

Da igiya aka jawo ta garejinmu, bayan ta yi kwanaki a wani garejin. Ƙorafin gajere ne: in an murza makulli inji na juyawa da ƙarfinsa, amma ba ya kamawa, ko tari ba ya yi. Alhaji kuma ya zo da hukuncinsa a baki. An gaya masa ƙwaƙwalwar injin ce ta ƙone, akwatin nan na ECU mai sarrafa aikin inji, so yake kawai mu nemo wata mu ɗaura. Maganarsa ta tabbata daga baya, ƙwaƙwalwar ce. Sai dai da mun bi umarninsa a ranar, da wadda aka sayo ta bi sahun tsohuwar kafin motar ta koma Cadawa. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta lamarin daki-daki, don masu motoci da kuma yaran da ke koyon aikin nan.

Abin da direba ya faɗa

Kafin a ɗauki ko da sufana, na ja direban gefe muka zauna a benci ƙarƙashin bedi. Direbobi da yawa ba sa sakin baki in maigidansu na tsaye, don tsoron a ɗora musu laifi. Na ce masa, "Ƙanena, ba mai laifi nake nema ba. Gaya mini duk abin da motar nan ta yi maka tun kafin ta mutu, ko da kana ganin bai shafi maganar ba."

Sai labari ya fito. Wajen ƙarshen damina altaneta ta daina caji, aka kai ta wurin wani mai gyara ya canza mata regiletan ciki, mai daidaita ƙarfin caji, da wani mai araha. Caji ya dawo, kowa ya ji daɗi. Daga nan ƙwayayen fitilar gaba suka fara ƙonewa ɗaya bayan ɗaya, yana saye yana sawa. Batir ya riƙa shan ruwa fiye da da, in an yi doguwar tafiya aka ɗaga kapo sai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya buge ka. Da dare fitilun tablo na haske fiye da yadda ya saba gani. Shi a ganinsa duk wannan alamar caji mai ƙarfi ce, har yana yabon mai gyaran.

Ranar da abin ya faru sun gama lodin aya a Cadawa, fitilar batir ta fara ƙiftawa a tablo. Ya tsaya wurin wani yaro mai gyaran wutar mota a bakin titi. Yaron ya ce a tada inji, ya kwance kan batir inji na aiki, wai don ya ga ko altaneta na ba da wuta. Direban ya ce fitilun tablo suka yi wani haske fau, injin ya ɗan ci gaba, sannan ya mutu. Aka mayar da kan batir, aka murza, shiru. Tun daga nan ba ta sake tashi ba.

Wannan gwaji na cire kan batir gadonsa aka yi, kuma a zamaninsa ba ya ɓarna sosai. Fijo 404 da 504 da tsofaffin Land Cruiser masu famfon mai na ƙarfe zalla ba su da wani abin lantarki mai laushi da zai ƙone. Motar yanzu ba haka take ba. Batir a jikinta kamar tafkin bayan gari yake da damina, shi ke shanye ruwan da ya yi yawa, in ka kawar da shi ruwan gidajen mutane zai nufa. Da zarar an cire kan batir altaneta na tsakiyar aiki, wutar da take turawa ba ta da wurin zuwa, sai ta yi tsalle ta ninka volt 12 sau da yawa cikin ƙiftawar ido. Akwai kariya a cikin ƙwaƙwalwa da aka yi don irin wannan bugu, amma kariya ce ta sau ɗaya ko biyu a kan lafiyayyen abu. Wannan kuwa ta yi makonni tana shan wutar da ta wuce ƙa'ida. Har yau ana wannan gwaji a tashoshi da bakin hanyoyi, kuma raina na ɓaci duk lokacin da na gani, domin mitar da za ta ba da amsar cikin minti ɗaya ba ta kai kuɗin ƙwan fitila biyu ba.

A garejin farko an yi abin da aka saba yi wa motar gazuwal da ta ƙi tashi. An canza filtar mai, an yi ta famfo don fitar da iska, an sayi sabuwar sansar karanshaf, an kwance injektoci huɗu an kai gwaji an dawo da su, har an fesa fetur ta bakin matacin iska. Ban ga mugunta a ciki ba. Amma akwai abu ɗaya da ke gaban idon duk wanda ya zauna a kujerar direba, da an lura da shi da duk wannan kuɗi bai fita ba.

Bincike

In ka murza makulli zuwa inda fitilun tablo ke kamawa, ba tare da ka tada inji ba, ɗan hoton inji mai ruwan ɗorawa dole ya kama. Ƙwaƙwalwa ce ke kunna shi, alamar ta farka ke nan. A motar nan fitilar batir ta kama, ta mai ta kama, ta birki ta kama, hoton inji babu. Muka ɗora mata kwamfuta ta soket ɗin nan mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Na'urar ta samu wuta, ta yi magana da akwatin jakar iska lafiya, amma da ta nemi inji sai ta ce babu amsa.

A nan mutane da yawa ke rufe bincike su ce ƙwaƙwalwa ta mutu, kuma a nan ake asarar kuɗi. Ƙwaƙwalwar da ba ta samun wuta, da wadda wayar mas ɗinta, mai mayar da wuta jikin mota, ta saki, da wadda ta ƙone, duk shiru ɗaya suke yi. Sau tari ana kawo mini mota da wannan hukunci, in tarar fiyus ne, ko rele, ko waya da ɓera ya ci a inda aka ajiye motar kusa da buhunan hatsi. Don haka muka buɗe taswirar wayoyin motar, muka kwance akwatin ajiyar da ke gaban fasinja, inda ƙwaƙwalwar take a bayansa, muka bi ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya.

Tsarin Toyota a nan mai sauƙin bi ne. Akwai ƙafar BATT da ke da wuta ko da mota a kashe take. Akwai IGSW da ke samun wuta in an murza makulli. In ƙwaƙwalwa ta ji wannan, sai ta tura wuta ta ƙafar MREL ta ja babban rele, shi kuma ya sako mata babbar wuta ta ƙafar +B. Da batirin gareji mai cikakken caji muka auna: BATT akwai, IGSW akwai, MREL babu komai, rele ko ƙwas bai yi ba. Muka gwada relen a waje, lafiyarsa lau. Fiyus duka lafiya. Wayoyin mas, masu mayar da wuta jikin mota, ba mu tsaya ga ƙarar mita ba, domin zare ɗaya da ya rage a cikin waya ya isa ya sa mita ta yi ƙara alhali ba ya ɗaukar aiki. Ƙwan fitila muka ɗora musu, ya kama da haske sosai.

Saura gwaji ɗaya, wanda nake roƙon duk mai koyo ya riƙe shi da kyau. Ƙwaƙwalwa na fitar da volt 5 ga sansoshi, irin su ta matsin mai a bututun tara mai, da ta matsin iskar turbo, da ta totur. In ɗaya daga cikinsu ta lalace ta haɗe wannan layi da mas, tana iya kwantar da ƙwaƙwalwar gaba ɗaya: hoton inji ba zai kama ba, kwamfuta ba za ta samu amsa ba, ka rantse ta ƙone. Ka zare fulogin sansar mai laifi, nan take komai ya farfaɗo. Muka zare su ɗaya bayan ɗaya, yaron gareji na kallon tablo, ni ina kallon mita. Muka ba ƙafar +B wuta kai tsaye ta wurin zaman rele. Volt 5 bai fito ba. Muka auna wayar magana daga soket zuwa ƙwaƙwalwa, ba ta tsinke ba. Wuta na shiga, mas na da kyau, babu abin da ke danne ta daga waje, amma ba ta farkawa. Sai a lokacin na yarda a buɗe akwatin.

Tun kafin murfin ya gama ɗagowa ƙaurin ya fito. A kusurwar da wuta ke shiga allon ya yi baƙi kamar faɗin dala, diyod ɗin kariya ya tsage biyu, wata kondansa ta kumbura har kanta ya buɗe. Babu koren tsatsa ko farin gishirin da ruwa ke bari, wanda shi muka fi gani a motocin da suka ratsa gulbi da damina ko waɗanda gilashin gabansu ke yoyo. Akwai ƙarfen lodi da aka yi wa walda a bayan motar, na tambaya, direban ya ce tun shekarar da aka saye ta ne, saboda haka muka cire walda daga zargi. Wuta ce ta yi yawa, kuma labarin benci ya riga ya nuna inda ta fito.

Muka kwance altaneta muka kai ta teburin gwaji. Lafiyayya tana tsayawa tsakanin volt 13.5 da 14.5 komai gudun inji. Wannan da aka ƙara mata gudu ta wuce 16 tana ci gaba da hawa, sai da aka kashe injin gwajin. Batirin motar ma gefensa ya kumbura, ruwansa ya tafasa ya ƙare a ɗakuna biyu. Na kira Alhaji ya gani da idonsa. Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, ga wanda ya kashe ƙwaƙwalwar. In muka sa wata muka bar wannan a jikin motar, kuɗinka za ka sake zubarwa." Ya yi shiru, sannan ya ce a canza duka biyun. Ban yarda a sake gyara altanetar ba. Aka nemo wata ta asali, muka gwada ta a tebur kafin ta hau mota.

Injin nan yana da wani akwati na biyu a ɗakin inji, EDU, wanda ke karɓar umarnin ƙwaƙwalwa ya buga wa injektoci wuta mai ƙarfi. Shi ma ya sha wutar da ta yi yawa. Muka duba shi ba ƙauri, muka auna injektoci kowace kusan om 1, bawul ɗin famfon mai kimanin om 2, babu wayar da ta haɗe da jikin mota. Amma ba a tabbatar da lafiyar EDU sai inji ya tashi, kuma na faɗa wa Alhaji haka tun a ranar, don kada daga baya in ya zama shi ma sai an saya ya ga kamar ƙari ake masa.

Neman wata

Hanya uku ce. Ta farko gyaran tsohuwar. Akwai masu hannu a garin nan da ke canza diyod da kondansa su ta da akwati, kuma in ƙunar ta tsaya a kariya kaɗai ni ma hanyar da nake zaɓa ke nan, domin duk abin da ƙwaƙwalwar ta sani game da motar yana nan cikinta. Wannan kuwa ƙunar ta ci allon har ciki, ta kai ga layin da ke ciyar da babban guntun lissafi. Ko ta tashi, ba zan saki mota ta shiga dajin Gazawa da ita ba. Ta biyu sabuwa dal ta hannun dillalai a Yamai, mai tsada da jira, ga shi tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan da ke zuwa ta teku sun ƙara daɗewa a hanya, Alhaji kuma kakar aya na wuce shi. Ta uku ta hannu, wadda aka ciro daga motar da ta yi hatsari. Irin waɗannan ta Katsina da Kano suke shigo mana, daga Ƙofar Ruwa, wasu tushensu Ladipo a Legas, wasu Dubai. Ita aka zaɓa.

A jikin ƙwaƙwalwar injin irin wannan Toyota akwai takarda mai lamba da ke farawa da 89661, sai wasu haruffa da lambobi biyar su biyo baya. Waɗannan biyar ɗin su ne maganar. Ana ƙera Hilux a Tailan da Afirka ta Kudu da Ajantina, ana kai ta kasuwanni daban-daban, wata mai giyar hannu, wata mai giyar kanta, wata mai injin 2KD, wata mai 1KD lita 3, wata da tsarin hana sata, wata babu. Akwatunan kamanninsu ɗaya, fulogi na iya shiga daidai, amma lissafin da ke ciki ya bambanta: yawan man da za a fesa, lokacin fesawa, matsin turbo, har aikin wasu ƙafafun.

Wani ɗan'uwan Alhaji ya riga mu, ya aiko da wata daga Katsina cikin kwali. Na duba takardarta, ƙarshen lambar ba ɗaya ba ne da namu. Alhaji ya ce, "Malam, ba dai fulogi ya shiga ba? A gwada mana, in ba ta yi ba a mayar." Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba zan sa ta ba. Ko dai ta ƙi tashi mu ɓata yini, ko ta tashi tana ba injinka man da ba nasa ba, wannan kuwa ya fi muni, don ba za ka gane ba sai fistin ya gaya maka." Bai ji daɗi ba, na ga haka a fuskarsa, amma ya sa aka mayar.

Muka ɗauki hoton takardar tsohuwar muka tura ta WhatsApp ga masu kaya, da sharaɗi uku: lamba ta zo daidai harafi da harafi, akwatin ba a taɓa buɗe shi ba, in bai yi aiki ba a karɓi abinsa. Wanda ya zo na juya shi a hannu na duba kan kusoshinsa, babu kurjin sukudireba. Ƙafafunsa a miƙe suke, masu ƙyalli, babu kore. Na shinshina bakin soket, babu ƙauri.

Ɗaurawa, da abin da ya biyo baya

Ɗaura akwatin kansa aikin mintuna ne. An cire kan batir na mas, an sa sabon batir da altaneta, an mayar da fulogin sansoshi. Kafin in cusa fulogin ƙwaƙwalwar na sake auna wayoyin motar, in tabbatar babu volt 12 da ya ɓata hanya ya hau layin volt 5. Aka haɗa, aka murza makulli. Rele ya yi ƙwas, hoton inji ya kama, kwamfuta ta samu amsa. Yaron gareji ya ce, "Maigida, ta farka!" Aka murza don tadawa, inji ya juya, bai kama ba. Alhaji ya dube ni.

Na riga na san haka za ta faru, kuma kwamfuta ta nuna lambar B2799. A cikin kan makullin motar akwai ɗan guntun lantarki. Zoben da ke kewaye da ramin makulli yana karanta shi, ya miƙa wa wani ƙaramin akwati na hana sata, shi kuma ya gaya wa ƙwaƙwalwa cewa makullin na gida ne. Ƙwaƙwalwar da muka sayo akwatin wata mota ta sani, don haka ta hana mai. Wani da ke tsaye ya ce akwai mai kashe tsarin gaba ɗaya, a huta. Ana yi, amma ban ba da wannan shawara ba. Hilux na cikin motocin da ɓarayi suka fi so a yankin nan, ga iyaka kusa ta Dan Isa, kuma motar da ke kwana a kasuwannin ƙauye da kaya a bayanta ba ita za a cire wa kariya ba don gudun jiran rabin awa.

Rabin awa ɗin kuwa shi ne maganin a irin wannan ƙirar. Ana haɗa ƙafa ta 4 da ta 13 a soket ɗin bincike da ɗan guntun waya, a murza makulli fitilun tablo su kama ba tare da an tada inji ba, a bar ta haka minti 30, sannan a kashe, a zare wayar. A cikin wannan lokaci akwatunan biyu ke sanin juna. Muka ɗora caja a kan batir don kada wuta ta sauka a tsakiya, muka kashe rediyo da fanka. Ni da kaina na ƙirga ƙafafun da tocila, sau biyu, domin ƙafa ta 16 mai wutar batir tana layi ɗaya da ta 13, kuma wanda ya yi kuskuren ƙirga zai iya haɗa wuta da mas. Wannan hanya ba ta kowace mota ba ce, kowace ƙira sai an duba littafinta. Da lokaci ya cika aka murza, bugu ɗaya ta kama.

Alhaji ya ce alhamdu lillahi, ya fara laluben aljihu, direba ya fara tattara igiyar da aka jawo ta da ita. Na ce su saurara tukuna. Injin na ƙwanƙwasa a silo, ƙara mai kaifi, sitiyari na ɗan rawa, in an taka totur salansa na fitar da hayaƙi. Kwamfuta kuma ba ta nuna laifin komai ba.

Injektocin wannan inji suna aiki da matsin da ya haura bar 1,000, kuma duk ƙwarewar masana'anta babu biyu da ke fesa mai daidai da juna. Saboda haka ana gwada kowace a masana'anta, a buga mata lamba mai haruffa 30 a kanta, wadda ke gaya wa ƙwaƙwalwa yadda za ta ƙara ko ta rage mata lokacin fesawa. Dole a shigar da lambobin nan huɗu, kowace a silindarta. Sabuwar ƙwaƙwalwa daga kwali ba ta da lamba ko ɗaya, sai ta kunna fitila ta nuna P1601, ta tilasta maka ka yi aikin. Ta hannu kuwa tana ɗauke da lambobin injektocin motar da aka ciro ta, a ganinta komai daidai yake, ba za ta yi ƙorafi ba. Motoci nawa ne ke yawo a garin nan a haka, suna shan mai fiye da kima, masu su na cewa ai tun da aka canza ƙwaƙwalwa ba ta koma daidai ba? Laifin ba na akwatin ba ne, aikin ne aka bari a rabi.

Na tambayi direba ko da aka mayar da injektoci a garejin farko an sa sababbin wasoshin da suke zama a kai. Ya ce tsofaffin aka mayar, kuma bai ga an yi wa injektocin alama ba kafin a kwance su. Wannan ya nuna abu biyu. Na farko, ko da mun kwafo abin da ke cikin tsohuwar ƙwaƙwalwa, kamar yadda wani ya ba da shawara, lambobin ba lallai su faɗa kan silindar da ta dace ba, tunda an hautsina zamansu. Na biyu ya fi tada hankali. A wannan inji in washar ƙarƙashin injekta ta yi yoyo, hayaƙi na shiga cikin man inji ya zama baƙin dasƙare, ya toshe matacin da famfon man inji ke zuƙa ta cikinsa, inji ya kama ba sallama. Muka sake kwance su, muka sa sababbin wasoshi, muka goge kan kowace muka karanta lambarta a hannu.

Karatun na son natsuwa. Haruffan ƙanana ne, zafi da mai sun dusashe su, 8 na kama da B, 0 na kama da D. Muka ɗauki hoton kowace da waya muka faɗaɗa, ni ina karantawa, yaro na rubutawa, sannan ya karanta mini ina dubawa. Silinda ta 1 ita ce ta gaba, wajen bel ɗin taimin. Muka shigar da su ta kwamfuta, ɗaya ta ƙi karɓuwa, muka koma kan hoton, ashe B ce muka ɗauka 8. Bayan haka muka goge abin da ƙwaƙwalwar ta koya game da famfon man tsohuwar motarta, muka bar injin ya yi zafi yana silo har ta koyi wannan famfon. Ƙwanƙwasar ta lafa tun muna tsaye, sitiyari ya daina rawa.

A silo matsin mai ya zauna wajen bar 300, abin da ƙwaƙwalwa ke nema da abin da sansa ke gani suna tafiya tare. Caji ya tsaya a volt 14.1 da fitilu da na'urar sanyi a kunne, aka taka totur bai motsa ba. EDU ya fita lafiya. Muka fita da ita hanyar Tibiri da kwamfuta a cinya, muka dawo aka ɗora mata buhuna muka sake fita, muka kashe ta da zafinta muka tada, babu gardama, babu lambar laifi. Alhaji ya tambaya ko kilomitan motar sun canza tunda akwatin na wata mota ne. Ba su canza ba, a tablo ake ajiye su.

Da aka zauna lissafi, kuɗin ƙwaƙwalwar kanta bai kai rabin abin da ya fita ba. Akwai altaneta, batir, wasoshi, jawo mota daga Cadawa, sansar karanshaf da filtar da aka saya ba dalili, gwajin injektoci, ga hayar motar da ta kwaso ayar da aka bari a hanya, ga kasuwannin da suka ci babu shi. Direban bai rasa aikinsa ba, na yi wa Alhaji bayani cewa alamun da ya gani ba wanda ya taɓa gaya masa ma'anarsu. Yanzu akwai ƙaramar mitar caji da ake cusawa a ramin kunna sigari, na nuna masa cewa in ya ga ta haura 15 ya tsaya ya kira ni, kuma kada ya bar kowa ya taɓa kan batir inji na aiki.

Abu ɗaya ya rage ba a gama ba. Kwamfuta na nuna gyaran da ƙwaƙwalwa ke yi wa kowace silinda don injin ya daidaita, kuma ƙa'idarsa kada ya wuce 3 sama ko ƙasa. Uku daga ciki suna kusa da sifili, ta silinda ta 3 tana wajen 2.6. Injektar ta fara gajiya. Alhaji ya ce a bar ta sai ya gama fitar da ayar bana, na yarda da sharaɗin a kawo motar a sake aunawa a canjin man inji na gaba. Lambobin huɗu na rubuta su a kati, kowace da silindarta, na sa a akwatin ajiya tare da takardun mota, da gargaɗin cewa ranar da aka canza ta ukun dole a shigar da sabuwar lambarta kafin motar ta bar gareji.